Macijin roba da kadan kwamfuta: me ke zaunar da mu gaban finafinan dodanni?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da magana a kan finafinan nan na dodanni da ake yi da ƙaramin jari: ƙaton maciji, kada, kifin shak, gizo-gizo mai girman mota. Labarinsu kusan ɗaya ne. Wasu mutane za su shiga daji ko tsibiri, an gargaɗe su sun ƙi ji, dodo ya riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe biyu ko uku su tsira. Kowa ya san haka tun kafin ya kunna. Amma ku tsaya wurin masu tura finafinai a waya ku ji abin da ake tambaya, ko ku duba yawan waɗanda suka kalli na 'yan China a YouTube. Ni ban yarda rashin aikin yi ne kawai ke jawo wannan ba. Akwai abin da suke ba mai kallo. Ina so in ji naku tukuna.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, ni a gurina amsar gajeriya ce: araha da sabo. Masu yin su sun gano cewa in ka zana ƙaton maciji da baki a buɗe a jikin fasta, za a saya ko ba labari. Babu rubutu mai kyau, babu wasa mai kyau, macijin ma ka gan shi kamar an manna shi a kan hoto. Mutum ya ba da awa ɗaya da rabi na rayuwarsa, ya tashi bai ƙaru da komai ba. Ɗalibaina suna iya lissafa maka sunayen dodanni goma, amma ka ce su ba ka labarin fim ɗin, sai su ce "ya cinye su."

Edita:
Malam, Allah ya gafarta, zancen fasta da ka kawo gaskiya ne, kuma tsohon abu ne. A Amurka wajen shekarun 1950 akwai kamfanin American International Pictures da ke fara ƙirƙirar suna da fasta, in sun ga masu gidajen sinima sun nuna sha'awa sannan a rubuta labarin. Darakta Roger Corman, wanda ya rasu a 2024 yana da shekara 98, da su ya yi aiki shekaru da yawa, kuma yana da fim na wata shuka mai cin mutane da aka ɗauki yawancinsa cikin kwana biyu da dare ɗaya, ya fito a 1960. To amma inda na rabu da kai shi ne cewa ba a ƙaruwa da komai. Mu masu aikin haɗa hoto a nan muka koyi darasi mafi girma: rashin kuɗi ne ke tilasta wa darakta ya ɓoye dodo, ɓoyewar kuma ita ce tsoron.

Ka ɗauki Jaws na 1975. Shi ba mai araha ba ne, ya ci wajen dala miliyan 9, amma abin da ya faru a wurin ɗaukarsa shi ya zama makarantar duk masu ƙaramin jari. Sun ƙera kifin shak na inji, suka sa shi a ruwan teku, gishiri ya riƙa lalata shi. Aikin da aka tsara na kwana 55 ya kai kwana 159. Da daraktan fim ɗin, Steven Spielberg, ya ga kifin ya ƙi aiki, sai ya koma nuna abin da kifin ke yi maimakon kifin kansa: kyamara tana tafiya a ƙarƙashin ruwa tana kallon ƙafafun masu iyo, kiɗa mai sauti biyu yana matsowa, wasu gangunan roba masu ruwan ɗorawa da aka harba masa suna yawo a saman ruwa. Sai an wuce awa ɗaya kafin ka ga fuskarsa sosai. A wannan awar zuciyarka ta riga ta ƙera kifin da ya fi na injin ban tsoro.

Ɗan Fagge:
Yauwa Edita. Wannan rabin abin da ke raina ne.

Malam Mai Alli:
Ka kawo min Spielberg, ni kuwa ina maganar na kasuwa ne. Waɗannan ai ba sa ɓoye komai. Minti biyar da farawa maciji ya fito da rana tsaka, ba inuwa a ƙarƙashinsa, ganye ma bai motsa ba da ya wuce.

Edita:
Shi ya sa ya kamata mu raba su gida biyu, Malam. Akwai mai ƙaramin jari da ya san iyakarsa, akwai wanda ya samu kwamfuta ya ɗauka ta gama masa komai. Na farkon ga misalai. Open Water na 2003 mata da miji ne suka yi shi da kuɗin aljihunsu, suna ɗauka a ranakun hutun ƙarshen mako da ƙaramar kyamara, 'yan wasa biyu a cikin ruwan Bahamas tsakiyar kifayen shak na gaske. Kuɗinsa bai wuce rabin dala miliyan ɗaya ba, ya samo fiye da miliyan 50. Black Water na 2007 daga Ostireliya mutum uku ne a kan bishiya a cikin fadama, kada yana ƙasa, kuma hoton kadoji na gaske aka ɗauko aka haɗa da na 'yan wasan. Yawancin fim ɗin ruwa kake kallo, mai duhu, ba ya motsi. Wallahi in ganye ya faɗo a kansa sai gabanka ya faɗi. Sai Monsters na 2010, wanda darakta Gareth Edwards ya haɗa siddabarun hotonsa shi kaɗai a kan kwamfutarsa a ɗaki, da kuɗin da bai kai dala dubu 500 ba. Daga baya shi aka miƙa wa Godzilla na Hollywood, fim ɗin ƙaton dodo da ya fito a 2014. Irin wanda kake faɗa kuwa, ni ma yana ɓata min rai, domin in dodo ba shi da nauyi, ƙura ba ta tashi, ruwa bai fantsama ba, ido yana ganewa nan take ko mutum bai san dalili ba.

Baba Tsohon Direba:
Yara, ku bar ni in sa baki. Duk kuna magana kamar fim abu ne da mutum ke kallo shi kaɗai da abin sautin nan a kunne. Mu a zamaninmu a Kano sinima ba rufi, sai an yi duhu ake haskawa, Plaza, Orion, Eldorado, Marhaba. Ranar da aka sa na macijiyar nan ta Indiya, wadda aka kashe mata miji ta riƙa bin waɗanda suka yi kisan ɗaya bayan ɗaya tana rikiɗa, ba ka jin maganar fim ɗin saboda hayaniya. Mutum zai nufi ƙofa, ɗaruruwan mutane su ɗauka gaba ɗaya, "Kar ka buɗe! Ita ce!" Mai gyaɗa ya tsaya da farantinsa a ka ya manta da ciniki. Wani a bayana ya damƙe min kafaɗa bai san ya yi ba, ni ma ban ce ya sake ni ba sai da wurin ya wuce. Da aka kunna fitila kowa na dariya, a hanya ana ta musu kan wa ya fi cancanta ya mutu. Mun san macijin wani lokacin na roba ne. Ba mu damu ba, domin ba macijin muka je gani ba, tsoron muka je ci tare.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma Baba. Har yanzu haka ne a gidan kallo in an sa na fassara. Fim ɗin soyayya ko na bincike yana buƙatar shiru, na dodo kuwa surutun jama'a yana ƙara masa armashi. Kuma ba ya buƙatar ka ji Turanci ko Sinanci. Kada ya buɗe baki, an gama bayani.

Baba Tsohon Direba:
Indiyawan ma suna da gidan da sana'arsu ke nan, 'yan uwa bakwai da ake kira Ramsay. Ɗaya ya riƙe kyamara, ɗaya sauti, ɗaya rubutu, biyu suna ba da umarni. Tun 1972 suka fara, a 1984 suka yi na tsohon gidan bautar nan da ya yi kasuwa sosai. Manyan masu fim na Bombay sun raina su, amma ƙananan garuruwa su suka riƙe su.

Uwar Biyu:
Sannunku. Ni zan faɗi nawa dalilin a matsayin wadda ba ta iya kallon fim ɗin aljanu ko na fatalwa ko kaɗan. In na kalla, tsoron yana bi na har ɗaki, in kasa fita tsakar gida da dare in ɗebo ruwa. Na kada ko na maciji kuwa ina kallo lafiya lau, in firgita, in yi ihu, in kwanta in yi barcina. Na daɗe ina tunanin dalili. Dodon nan yana da jiki, yana da wurin zama, yana da ƙa'ida. In ba ka shiga ruwa ba kada ba zai same ka ba. Akwai wani na 1990, Tremors, da manyan tsutsotsi ke bin mutane ta ƙarƙashin ƙasa a wani ƙauye cikin hamadar Amurka. Ba su da ido, da motsin ƙafa suke gane inda kake. Da mutanen suka fahimci haka sai suka hau duwatsu da rufin gidaje, suka fara dabara. Daga nan kai ma mai kallo ka shiga aikin, kana cewa da ni ce da kaza zan yi. Kuma ka san a ƙarshe za a kashe shi. Abubuwan da ke hana mu barci a zahiri, tsadar abinci, rashin tsaro a hanya, ciwon da ba kuɗin magani, ba wanda ke ƙarewa cikin minti casa'in. Wannan yana ƙarewa, ka ga gawarsa da idonka.

Ɗan Fagge:
Hajiya, kin faɗi ɗaya rabin. Tsoro ne mai iyaka, wanda ka san ƙofar fita daga cikinsa.

Ɗan Kaltungo:
Maganar Hajiya tana da goyon bayan bincike. A jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmark akwai masu nazarin tsoron da mutane ke nema don nishaɗi. A 2020 sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a gidan tsoratarwa, suka sa wa mutane na'urar auna bugun zuciya. Abin da suka samu shi ne jin daɗi yana kai ƙololuwa ne a tsakiya: in tsoro ya yi kaɗan mutum ya gundura, in ya yi yawa daɗin ya gudu. Fim mai araha sau da yawa a tsakiyar nan yake zama, domin ɗan ganin da kake yi cewa roba ce yana rage zafin abin.

Amma ni ma'aikacin jinya ne, kuma ina da ƙorafi na gaske. Finafinan nan sun cika kan mutane da ƙarya game da dabbobi. Anakonda da aka yi wa fim a 1997 ba ta da dafi, matsewa take yi irin ta mesa, a fadamun Kudancin Amurka take, a tudu kuma nauyinta bai barinta ta yi gudun da ake nunawa. Kifin shak da duniya ke tsoro, wajen mutum 10 yake kashewa a shekara a duniya baki ɗaya, har wanda ya rubuta littafin da aka ɗauko Jaws daga ciki, Peter Benchley, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare kifayen. Maciji kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. Kuma wanda ya fi yi mana ɓarna a nan ba ƙato ba ne. Kububuwa ce, ba ta kai tsawon hannunka ba, launinta ya saje da ƙasa, manomi ya sa hannu cikin ciyawa ko ya taka ta da silifas. A garinmu Kaltungo akwai asibiti na musamman don saran maciji, lokacin damina da girbi ku zo ku ga yadda ake kawo mutane. Abin da ya fi damuna, a fim za ka ga jarumi ya tsaga wurin da wuƙa ya tsotse dafin, ko ya ɗaure ƙafa tamau da igiya. Duka biyun cutarwa suke yi. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko abin hannu, a garzaya asibiti.

Malam Mai Alli:
Allah ya saka da alheri, likita. Ka ga abin da nake nufi. Kuma kada a ce ina ƙin dodo a fim ne gaba ɗaya. Godzilla na farko, na 1954, ina girmama shi. Shekara tara ne kacal bayan jefa bam ɗin nukiliya a biranen Hiroshima da Nagasaki na Japan, kuma a watan Maris na shekarar ƙurar gwajin bam ɗin Amurka a tsibirin Bikini ta sauka a kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗaya daga cikinsu ya mutu bayan watanni. Mutanen da suka shiga sinima suka ga dodo yana ƙone Tokyo, suka ga yara a asibiti ana auna su da na'ura, sun san abin da ake gaya musu. Mutum ne a cikin rigar dodo mai nauyin kusan kilo 100 yana taka ƙananan gidaje na kwaikwayo, amma akwai magana a bakin fim ɗin. Ku gaya min maganar da ke bakin wanda guguwa ta kwaso kifaye ta zuba a gari.

Ɗan Fagge:
A kan wannan ina tare da kai, Malam, ɗari bisa ɗari. Sharknado na 2013 da kamfanin The Asylum ya yi wa tashar Syfy, har aka yi guda shida zuwa 2018, ba ya cikin waɗanda nake karewa. Da gangan aka lalata shi don a yi ta maganarsa a Twitter. Wanda ya yi iya ƙoƙarinsa da ɗan abin da ke hannunsa, ko dodonsa ya fito da zif a baya, ina ganin mutuncinsa, domin yana so ya tsorata ni ne da gaske. Wanda kuwa yake da halin gyarawa ya ƙi, yana so in yi wa aikinsa dariya, ya raina ni ne kuma ya raina sana'ar. Bambancin yana fitowa a fuskar 'yan wasa. In su ba su ji tsoron abin ba, ni me zai sa in ji?

'Yar Damagaram:
Ina wuninku. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ake magana kamar baƙon abu ne a wurinmu. Wa ya girma bai ji tatsuniyar Dodo ba? Kaka tana zaune a tabarma, fitila ta kusa mutuwa, ta sauya murya ta yi ta Dodo, mu matsa jikinta muna roƙon ta ci gaba. Ba ta da komai sai murya da duhu. Kuma labarin kafuwar ƙasar Hausa kansa akwai maciji a rijiyar Kusugu ta Daura da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo ya zo da dare ya sare kansa. Gari cikin ƙunci, dabba ta tare hanyar rayuwa, wani ya yi ƙundumbala. Malam, yaranka da ke cewa "ya cinye su", gwada tambayarsu wa ya fara mutuwa kuma me ya yi. Za ka ji sun ce mai kwaɗayin kuɗi ne da ya ɓoye gaskiya, ko mai taurin kai da aka ce kada ya je bakin ruwa. Sun fahimci labarin sarai.

Malam Mai Alli:
'Yar uwa, tatsuniya kaka ce ke tace ta, ta san inda za ta tsaya saboda yaro. Waya ba ta tace komai. Yawancin finafinan nan suna cusa tsiraici a bakin ruwa da zubar da jini don su cike gurbin labarin da babu.

Uwar Biyu:
Wannan gaskiya ne, ba na musu. Ni sai na kalla ni kaɗai kafin in bari yara su gani, kuma da yawa ina gogewa. Na 'yan China na intanet sun fi sauƙi ta fuskar sutura, sai dai su ma wani lokacin jinin yana yawa.

Edita:
Ƙarin bayani kan darajar wannan layi, Malam: nan ne matasa ke koyon aiki, saboda ba wanda zai ba sabon hannu dala miliyan 100. Piranha na 1978, na ƙananan kifaye masu haƙora, kamfanin Corman ne ya yi shi da ƙasa da dala miliyan ɗaya don ya ci albarkacin Jaws. Na biyunsa, wanda kifayen ke tashi sama, shi ne fim na farko da aka rubuta sunan James Cameron a matsayin darakta, mutumin da ya zo ya yi Titanic. Manyan daraktoci irin su Coppola da Scorsese ma sun bi ta hannun Corman. Kuma a 2024 wani Godzilla na Japan, da aka yi da ƙasa da dala miliyan 15, ya karɓi kyautar Oscar ta siddabarun hoto a gaban finafinan da suka ninka shi kuɗi sau goma.

Ɗan Fagge:
To Edita, tunda kai ɗan gida ne, me zai hana masu fim namu su gwada? Muna da madatsun ruwa, muna da kadoji da dorina, muna da labaran masunta.

Edita:
Babu abin da zai hana sai gaggawa. Matsalar ita ce furodusa zai ce a nuna dodon tun a tallar fim, a zana shi a kwamfuta cikin mako ɗaya, a nan ake faɗuwa. Da ni aka ba aikin, ƙauyen masunta zan nema da kwalekwale biyu. Mutum na farko ba za a ga abin da ya ɗauke shi ba, kwalekwalensa kawai zai dawo bakin gaɓa da asuba, fitilarsa na ci, hularsa a ciki. Kuɗin da za a kashe a zane zan zuba shi a sauti: kukan kwaɗi da zai ɗauke ɗif lokaci guda, ƙarar wani abu yana goga ƙasan jirgi. Sai a sassaƙa kai da gadon baya kawai, a ja su da igiya a ƙarƙashin ruwa da magariba, a nuna daƙiƙa uku a yanke. Sauran aikin na masu wasa ne da marubuci, a sa mu damu da mutanen kafin a fara ɗauke su.

Ɗan Kaltungo:
In za ku yi, ku nemi masunta na gaske su gaya muku halin kada, kuma kada a sa 'yan wasa cikin ruwan da ba a bincika ba. Ban da kadan ma akwai tsargiya a yawancin madatsunmu.

Malam Mai Alli:
In aka yi shi yadda Edita ya tsara, da rubutu mai ma'ana, zan biya kuɗina in kalla. Na kasuwar dai har yanzu ina kan bakana.

Baba Tsohon Direba:
Ku dai in kun gama ku haska shi a fili inda jama'a za su taru, kada ku tura a waya kawai. Edita, wancan na kada da mutum uku a kan bishiya, akwai shi da fassarar Hausa? Jikana zai duba min.

Edita:
A sa shi ya tambayi masu turawa da sunan Black Water, Baba, ya ce na 2007, domin akwai na biyu da ya fito a 2020 wanda a cikin kogo ake yi. Ko ba fassara za ka bi shi, maganar cikinsa kaɗan ce.